Sansanin Kallon Giwa A Jihar Maraɗi: Riba Ce Ko Cinikin Biri A Sama?

Watan Agusta yana ɗauke da wasu ranaku uku da ya kamata mu jera su wuri guda mu duba. Ranar 3 ga wata ita ce ranar da ƙasarmu Nijar ta samu 'yancin kai a 1960, kuma ita ce ranar da aka keɓe domin dashen itatuwa. Ranar 9 ga wata ita ce ranar da 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a dajin Kure, wurin kallon raƙuman dawa, a shekarar 2020. Ranar 12 ga wata kuwa ita ce ranar giwa ta duniya, wadda aka soma kiyayewa a 2012. Wato itace, da tsaro, da giwa. Duk mai son yin maganar kafa sansanin kallon giwaye a wannan yanki namu, to da waɗannan abubuwa uku zai fara lissafi, kuma a jere kamar yadda suka zo a cikin watan.

Maganar ba ta rasa tushe ba. A Chadi da Gana da Kenya akwai wuraren da baƙi ke biyan kuɗi masu yawa domin su kwana a daji su ga giwa tana kiwo, kuma akwai ƙauyukan da ke cin abinci daga wannan sana'a. Mu ma a nan jihar Maraɗi mun taɓa samun giwaye a bakin ƙofarmu, a dajin Babban Rafi. Saboda haka ba laifi ba ne ɗan kasuwar Gidan Rumji, ko mai sayar da aya a Gazawa, ko mai saƙar tabarma a Agye, su tambaya: shin wannan kasuwa za ta iya ci a wurinmu? In za ta ci, ina rabonmu a cikinta? Wannan ita ce tambayar da za mu duba a yau, da idon ɗan kasuwa, wanda ba ya zuba jari sai ya ga haja.

Mene ne wannan sansani?

Da farko bari mu fayyace abin da ake nufi, domin da yawa daga cikinmu in an ce masaukin baƙi sai mu tuna da otal mai bene da injin wuta yana ruri. Sansanin kallon namun daji mai kiyaye muhalli ba haka yake ba. Ƙaramin wuri ne a cikin daji ko a gefensa, galibi tantuna ne ko ɗakunan ƙasa da jinka, waɗanda in an tashe su ba za a ga tabo mai yawa a wurin ba. Wutarsa daga hasken rana take, ruwansa a kan awo ake amfani da shi, shara ba a barinta a daji, ba a sare itace domin girki, kuma ba a harbin ko da zomo. Ana taƙaita yawan baƙin da za su kwana a lokaci guda don kada hayaniya ta kori dabbobi. Da sassafe da kuma yamma ɗan jagora yakan ɗauki baƙi a mota ko a ƙafa zuwa bakin tafki inda giwaye ke zuwa shan ruwa, su tsaya daga nesa su yi kallo, su ɗauki hoto, su komo.

Sharaɗi mafi girma da masu irin wannan sana'a ke alfahari da shi shi ne cewa ma'aikata 'yan yankin ne, abinci daga kasuwar yankin ake saye, kuma wani kaso na kuɗin shiga yana komawa ga ƙauyukan da ke kewaye. A manyan sansanonin gabashin Afirka kwana ɗaya yakan kai ɗaruruwan daloli, kuma dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. Wannan ne ke sa duk wanda ya ji labarin ransa ya biya. Sai dai kowane ɗan kasuwa ya san cewa farashin da aka faɗa a baki daban, ribar da ta shiga aljihu daban.

Giwayen Babban Rafi

Dajin Babban Rafi yana kudu maso yammacin birnin Maraɗi, ya ratsa gundumar Madarunfa da ta Gidan Rumji, ya dangana da iyakar Nijeriya. Shi ne daji mafi girma da ya rage a kudancin jihar. A tsakiyar shekarun 1980 wani garken giwaye ya tsallako daga dazuzzukan arewacin Nijeriya ya shigo cikinsa, kuma daga nan sai ya zama Nijar tana da wurare biyu da ake lissafa giwa a cikinsu: gandun dajin W da ke can kudancin Yamai, da kuma Babban Rafi. Dattawan ƙauyukan da ke bakin dajin, waɗanda suka yi noma a waccan lokaci, su ne shaidun wannan zamani.

To amma me ya faru? Giwayen sun zo ne a daidai lokacin da dajin kansa ke cikin matsi. Fari na 1984 ya tura mutane da dabbobi kudu neman abinci. Birnin Maraɗi yana ta girma, kuma kusan kowace tukunya a birnin da itace ake dafa ta, itacen kuwa yawancinsa daga wannan daji yake fitowa. Manoma suna ta faɗaɗa gonaki zuwa cikin dajin, makiyaya suna neman ciyawa, masu sassaƙa suna neman icen turmi da taɓarya. A ɗaya gefen iyaka ma, dazuzzukan Katsina da Zamfara da giwayen ke kai-komo a cikinsu suna ta ƙanƙancewa. Zuwa tsakiyar shekarun 2000 abin da masu ƙidaya ke lissafawa a Babban Rafi bai wuce 'yan ƙalilan ba. A yau kuwa in ka ambaci sunan dajin a tasha, ba giwa ce ke faɗo wa mutane a rai ba, ɓarayin shanu ne da masu satar mutane domin kuɗin fansa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne ginshiƙin sharhinmu. Shekarun da giwayen suka yi a cikinmu, manomin da ke bakin daji bai ga ko dala ɗaya da ta shigo masa saboda su ba, abin da ya gani shi ne barazana ga gonarsa. Dabbar da ke ci maka hatsi ba ta kawo maka komai, yaya za a ce ka yi mata gadi? Wanda ya ƙi fahimtar wannan, ko sansani goma ya gina, aikin banza ya yi.

Lissafin giwa

Bari mu yi wa giwa lissafi kamar yadda mai sayen raƙumi zai yi kafin ya biya. Babbar giwa takan ci abin da ya kai kilo 150 na ganye da ciyawa da ɓawon itace a rana guda, wato nauyin buhu ɗaya da rabi na gero. Takan sha ruwa sama da lita 100, wato ya haura rabin tano. Ba ta zama wuri ɗaya, garke yakan yi tafiyar kilomitoci da dama tsakanin wurin kiwo da wurin ruwa, kuma bai san iyakar ƙasa ba balle iyakar gona. Cikinta wata 22 ne, kuma takan yi shekara huɗu ko fiye tsakanin haihuwa da haihuwa. Ma'ana, in garke ya ragu, ba ya farfaɗowa a cikin shekara biyar ko goma kamar garken awaki.

Yanzu a ɗora wannan lissafi a kan jiharmu. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa jihar Maraɗi tana da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, kuma tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai. Wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Rumji ya wuce Maraɗi, ya bi ta Cadawa da Agye har Gazawa, da damina, zai ga gona ce ke bin gona, da wuya ya ga saura. A irin wannan ƙasa, garken giwa goma da ya fita daga daji da dare ɗaya zai iya gama da abincin shekara na gidaje da dama. Asarar kuma ba ta tsayawa a kan manomi. In gero ya yi ƙaranci a ƙauye, mai awo a kasuwa ce za ta fara ji, sannan mai fura, sannan mai tuwon sayarwa. Don haka maganar giwa maganar tiya ce, ba ta masu ilmin daji kaɗai ba.

Inda abin ya yi kyau

Duk da haka akwai wuraren da aka yi nasara, kuma ya kamata mu ga yadda suka yi. A gandun dajin Zakuma da ke kudu maso gabashin Chadi, a farkon shekarun 2000 akwai giwaye kusan 4,000. Mafarautan haure suka far musu, zuwa 2010 saura kamar 450. A wannan shekara gwamnatin Chadi ta damƙa tafiyar da gandun ga ƙungiyar African Parks. Abin da aka fara yi ba gina masauki ba ne, tsaro aka fara gyarawa: aka horar da masu gadi, aka haɗa ƙauyukan kewaye da rediyon oba-oba domin su riƙa ba da labarin baƙin fuska. Ba a samu abin a banza ba, domin a 2012 an kashe masu gadi shida a wani hari da aka kai musu lokacin sallar asuba. Amma daga baya kisan giwa ya kusan tsayawa, giwayen suka koma haihuwa, yawansu ya haura 500. Sai bayan nan ne sansanonin baƙi suka samu kasuwa. Mutanen ƙauyukan ma sun amfana da tsaron, domin ɓarayin da ke kashe giwa su ne kuma ke kwashe musu dabbobi.

A arewacin Gana akwai gandun dajin Mole, kusa da garin Larabanga mai tsohon masallacin ƙasa. A can baƙo yakan zauna a masauki ya hangi giwaye suna wanka a tafki. Abin lura ga iyayenmu mata shi ne ƙauyen Mognori da ke bakin gandun, inda mutanen gari da kansu suke karɓar baƙi, su zagaya da su a kwalekwale, su nuna musu yadda ake man kaɗanya, su sayar musu. Kuɗin ba ya bi ta hannun wani babban kamfani kafin ya iso ga mai aikin.

Kusa da mu kuma ga Yankari a jihar Bauci ta Nijeriya, wadda aka keɓe tun 1956. Tana da ɗaya daga cikin manyan garkunan giwa da suka rage a Nijeriya, kimanin ɗari. Abin da ya riƙe Yankari shekara da shekaru ba Turawa ba ne, 'yan ƙasa ne: 'yan makaranta, da iyalai lokacin hutun Salla da na ƙarshen shekara, masu zuwa wanka a ruwan ɗumi na Wikki. Amma ko a can, manoman da ke kewaye sun daɗe suna kukan ɓarnar giwaye, har sai da aka ɗauki wasu daga cikin 'yan ƙauyukan aikin sa ido da korar giwa daga gonaki. A Kenya kuwa an gano cewa giwa tana tsoron ƙudan zuma, sai manoma suka riƙa kewaye gona da amya a rataye jikin waya. In giwa ta taɓa wayar, zuma ta tashi, giwa ta juya. Manomi ya tsira da hatsinsa, ga kuma zumar sayarwa.

Inda abin ya rushe

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga ɗaya fuskar. Kure, mai nisan kamar kilomita 60 daga Yamai, ita ce abin alfaharin Nijar a wannan fanni. A 1996 raƙuman dawan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su kai 50 ba, kuma duk a wannan yanki suke. Aka hana farautarsu, 'yan ƙauyuka suka kafa ƙungiyar 'yan jagora, masu kula da dabbobin suka taimaka da rijiyoyi da ƙananan basussuka ga mata, domin a rage wa manoma zafin waken da raƙuman ke ci musu. Cikin shekara ashirin yawansu ya haura 600. Wannan nasara ce da duniya ta shaida.

Ranar 9 ga Agustan 2020 'yan bindiga a kan babura suka tare wata mota a dajin, suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji, da direbansu, da shugaban ƙungiyar 'yan jagora, dukansu biyu 'yan Nijar. Cikin yini ɗaya kasuwar da aka yi shekara ashirin ana ginawa ta watse. Raƙuman suna nan, amma baƙi suka ɗauke ƙafa, 'yan jagora da masu sayar da abinci da masu sana'ar hannu suka koma zaman jiran tsammani. Haka gandun dajin W, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1996, wanda kuma shi da maƙwabtansa na Benin da Burkina Faso ke riƙe da giwaye mafi yawa a Afirka ta Yamma. Masu ɗauke da makamai sun shiga cikinsa, yawon buɗe ido ya tsaya. A Panjari ta Benin ma an sace Faransawa biyu a watan Mayun 2019, aka kashe ɗan jagoransu.

Bayan wannan kuma sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, da takunkumin da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba, da rufe iyakar da ya ɗauki watanni kafin Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris na 2024. 'Yan kasuwar Ɗan Isa da Jibiya sun fi kowa sanin abin da wannan ya jawo. Abin da muke son a gane shi ne, sana'ar da ta dogara kacokan a kan baƙon da zai hawo jirgi daga Turai, sana'a ce mai ƙafar kaza. Harbi ɗaya, ko sanarwa ɗaya daga ofishin jakadanci, ya isa ya rufe ta.

A Gidan Rumji kuwa ba labari ake ba mu ba, gani muke. Tun wajen 2017 satar shanu da garkuwa da mutane suka tsallako daga Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2019 dubban 'yan uwanmu daga Nijeriya suka gudo suka fake a ƙauyukan gundumar, daga baya aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da iyaka. Mutanen gari sun yi abin da Musulunci da zumunci suka ce, sun raba ɗan abin da suke da shi. Amma yawan jama'a ya ƙaru, buƙatar itacen girki da gona da ruwa ta ƙaru. A ƙasar da mace ke tsoron shiga daji neman itace, wa zai kawo baƙo ya ce ya kwana a tanti?

Jarin da ke hannunmu

Mai karatu zai ce, to ashe babu fata ke nan. Akwai, amma ba a wurin da ake hange yake ba. Yana gabas, a gonakin Agye da Gazawa. Bayan farin shekarun 1970 da na 1984 wannan yanki ya kusan zama fako, iska na binne shuka, mata na tafiyar rabin yini neman abin hura wuta. A farkon shekarun 1980 wani masanin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa duk shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka bar tsiro biyu ko uku aka yi musu aski, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Wannan shi ne abin da muke kira sassaben zamani. Manoma suka karɓe shi suka yaɗa shi da kansu, gona zuwa gona.

Ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a kan wannan aiki har a ƙasashen waje, domin mutanen garin sun kafa kwamitin sa ido, maza da mata da makiyaya, suka yi dokar kansu ta hana sarar itacen wani, suka kuma buɗe kasuwar itacensu. Masu bincike da hotunan tauraron ɗan Adam sun ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo wata babbar lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki, a 2020 kuma gwamnatin Nijar ta fitar da doka da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina a gonarsa.

Me ya sa wannan ya yi nasara alhali giwayen Babban Rafi suka salwanta? Amsar a fili take. Gawo yana ƙara wa gona taki, yana ba dabba abinci da rani. Kalgo da sabara suna ba da itacen girki. Kabar gulbin Kaba tana ba mata tabarma da faifai da igiya, goriba kuma ta tafi kasuwa. Aduwa da magarya da kuka da zogale duk kuɗi ne. Manomi ya kare itace ne domin ya san nasa ne, kuma ya ga amfaninsa a cikin tukunyarsa. Ranar da giwa, ko wata dabbar daji, ta zama tana da irin wannan matsayi a wurin talaka, ba sai an ce masa ya kare ta ba.

Akwai kuma wani tsari da muka riga muka sani. Tun dokar 1992 aka ba ƙauyuka damar kafa kasuwannin itace na karkara, inda mutanen gari ke sara a kan ƙa'ida, su sayar, a raba haraji tsakanin ƙauye da ƙaramar hukuma da baitulmali. Babban Rafi na cikin dazuzzukan da aka yi wannan tsari a cikinsu. Bai rasa matsaloli ba, domin an sha sara fiye da ƙima, amma ya nuna cewa raba kuɗin daji da talaka ba baƙon abu ba ne a dokar ƙasarmu. Irin wannan rabo ne ya kamata a rubuta a takarda kafin a kafa ko turke ɗaya na kowane irin sansani.

Ina rabon 'yan kasuwa da mata?

In wata rana wani ya zo, ɗan ƙasa ko baƙo, da takardu da alkawura cewa zai kafa wurin kallon namun daji a Babban Rafi, ko a dazuzzukan gwamnati na Ɗan Kada da Ɗan Gado da ke Agye, kada a yi masa tafi tun bai sauke kaya ba, kada kuma a kore shi. A zaunar da shi a gaban hakimi da magajin gari da shugabannin 'yan kasuwa da na mata, a yi masa tambayoyin da ake yi wa duk mai neman haɗa jari.

Filin na wane ne, kuma wa za a hana shiga? In za a hana mata ɗiban itace da ganye, a hana makiyaya burtali da mashaya, me za a ba su a madadi? Kashi nawa cikin ɗari na kuɗin shiga zai komo ƙauye, a hannun wa, kuma wa zai duba littafin? In dabba ta ci gona, wa zai biya, cikin kwana nawa, kuma da farashin wace kasuwa? Shinkafa da nama da kayan miya da sabulu da tabarmi da za a yi amfani da su, daga kasuwanninmu za a saya ko daga Yamai za a yo lodinsu? Yaranmu za su tsaya a shara da wanke-wanke ne, ko za a koya musu jagora da tuƙi da riƙon kuɗi? In baƙi suka daina zuwa shekara biyu kamar yadda aka gani a Kure, wa zai ci gaba da biyan masu gadi? Wanda ya amsa waɗannan a rubuce, abokin ciniki ne. Wanda ya ce a bari sai an fara, to cinikin biri a sama yake so a yi da shi.

Mata musamman su kula. A irin waɗannan shirye-shirye an saba a kira mata ranar buɗewa su yi guɗa, a ɗauki hotonsu da faifai a hannu, daga nan ba a sake nemansu. Alhali su ne suka fi kowa shiga daji, su suka san inda kowane itace yake, su ne kuma za su fi cutuwa in aka rufe shi. Ƙungiyoyin adashi da na masu man gyaɗa da ƙuliƙuli da masu saƙa su nemi kujera a kwamiti tun ranar farko, da bakin magana, ba ta zaman cika wuri ba.

Daga ina za a fara?

A ganinmu, jerin aikin shi ne wanda watan Agusta ya nuna. A fara da itace: a kai darasin Ɗan Saga zuwa ƙauyukan da ke kewaye da Babban Rafi, domin in gonaki suka wadata da itacen girki, gatari zai rage shiga daji. Sannan tsaro, wanda ba na Nijar kaɗai ba ne, domin daji ɗaya ne ya haɗa mu da Katsina da Zamfara da Sakkwato. Ɓarawo bai san iyaka ba, giwa ma ba ta san ta ba, saboda haka dole hukumomin ɓangarorin biyu su yi aiki tare duk da saɓanin siyasa. Sai an samu waɗannan biyu sannan za a yi maganar dabba. Ko a nan ma ba dole ne a fara da giwa ba. A 2018 an ɗauko raƙuman dawa takwas daga yankin Kure aka kai su gandun dajin Gadabeji da ke arewacin jiharmu, inda suka ɓace shekaru da dama da suka wuce. Wannan ya nuna cewa dabbar da ta tafi tana iya dawowa in an gyara mata wuri, kuma ya fi sauƙi a gwada da wadda ba ta rushe rumbu.

Game da baƙi kuwa, mu daina hangen nesa. Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram cike suke da mutanen da ba su taɓa ganin namun daji ba sai a talabijin ko a gidan zu. Ga hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinta a 2021. Ɗan makarantar da aka kawo ya ga daji, da alhajin da ya kawo iyalinsa hutun Salla, ba za su biya ɗaruruwan daloli ba, amma za su sayi kilishi da fura da aya da tabarma, kuma ba sa jiran izinin wani ofishin jakadanci kafin su zo. Ɗan ciniki kullum ya fi babban ciniki sau ɗaya a shekara, kowace mai tebur a kasuwa ta san wannan.

Hausawa sun ɗauki giwa da girma, shi ya sa ake yi wa sarki da jarumi kirari da toron giwa. Abin kunya ne a ce jikokinmu su san sunan a kirari kawai. Amma son giwa ba zai sa mu rufe ido ga gaskiya ba: a halin da ake ciki, wanda ya ce zai gina sansanin kallon giwa a Gidan Rumji ko Agye ko Gazawa, ya gina rumfa ne tun kasuwa ba ta ci ba. Abin da ke hannunmu yau shi ne tsiron da ke cikin gona, da haɗin kan da zai hana ɓarawo sakewa, da bakin da za mu tambayi haƙƙinmu da shi in ranar ta zo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, Ya kuma sa mu bar wa na baya dajin da ya fi wanda muka tarar, amin.